Wutar Dante: tambayoyi da amsoshi kan zunubi da azaba a waƙar Commedia

Duk sanda na kawo zancen waƙar nan sai tambayoyi su yi ta zuwa, wasu da son sani wasu kuma da fushi, kuma masu fushin ma suna da dalilinsu kamar yadda za ku gani a ƙasa. Shine na ga gara in tattara waɗanda aka fi yi in amsa su a wuri ɗaya.

Wai waye Dante ɗin nan, kuma wace irin waƙa ce ya yi?

Dante Alighieri mutumin birnin Fulorens ne a Italiya, an haife shi 1265 ya mutu 1321 a garin Ravenna. Marubucin waƙa ne kuma ɗan siyasa, har ya zama ɗaya daga cikin shugabannin majalisar birnin a 1300, to sai rikicin ɓangaranci ya ci shi, ɓangaren da ke da goyon bayan Fafaroma Boniface na 8 suka ƙwace gari, a 1302 aka kore shi aka kuma yanke cewa in ya sake ya dawo ƙona shi za a yi. Bai sake taka garinsu ba har ya mutu. A wannan zaman gudun hijira, yana cin abincin gidan wasu yana hawan matakalar gidan wasu, ya rubuta Commedia.

Waƙar kashi uku ce: Inferno wato wuta, Purgatorio wato dutsen tsarkakewa, da Paradiso wato aljanna. Babi 100, ɗango 14,233, baitocin ƙwar uku ne kuma amsa-amon a sarƙe yake, ɗangon tsakiya na wannan baiti shi ke ba baiti na gaba amo. Kuma da harshen mutanen gari ya rubuta ta, ba da Latin ɗin malamai ba, kusan irin abin da malaman jihadi suka yi da suka riƙa wa'azi a waƙe da Hausa da Fulatanci dan talaka ya ji.

Ya ya tsara wutar tasa?

Kamar mazurari. Ƙaton rami ne a ƙarƙashin ƙasa, sama da faɗi ƙasa na tsukewa, hawa tara, kana sauka laifin na ƙara muni. Ya nuna cewa a 1300 yana da shekara 35 ya ɓata a wani daji mai duhu, sai Virgil, tsohon mawaƙin Rumawa, ya zo ya yi masa jagora.

Tun kafin a shiga ma akwai wasu a zaure, waɗanda a duniya ba su tsaya wa gaskiya ba kuma ba su tsaya wa ƙarya ba, kansu kawai suka sani. Suna ta gudu bayan wata tuta da ba ta tsayawa, rina da ƙudaje na harbinsu. Hawa na farko shine Limbo, wurin mutanen kirki da ba Kiristoci ba, babu duka babu wuta sai ajiyar zuciya. Daga nan sai wani dodo Minos mai shari'a, kowa ya zo ya faɗi laifinsa sai ya naɗe jikinsa da wutsiya, yawan naɗin shine lambar hawan da za a jefa mutum. Na 2 masu bin sha'awa, na 3 masu haɗama, na 4 marowata da almubazzarai, na 5 masu fushi, na 6 masu karkatacciyar aƙida, na 7 masu ta'addanci, na 8 mayaudara, na 9 maciya amana.

An ce azabar kowa kama take da laifinsa, ya abin yake?

Nan ne zuciyar waƙar gaba ɗaya. Kalmar da ya yi amfani da ita contrapasso ce, sau ɗaya tak ta fito, a babi na 28, daga bakin wani mawaƙin Faransa Bertran de Born wanda ya haɗa ɗan sarki faɗa da ubansa. Ya raba ɗa da uba, to shine aka raba kansa da gangar jikinsa, yana tafe riƙe da kan nasa ta gashi kamar mai riƙe da fitila. Malamanmu na cewa aljaza'u min jinsil amal, sakamako daga jinsin aiki yake, kaga ba baƙon tunani bane a wajenmu.

Amma ni yadda na fahimta abin ya wuce ramuwa. Dante ba bulala ya ƙirƙiro ya ɗora wa laifi daga waje ba, laifin ne da kansa yake tuɓe wa riga ya nuna maka yadda yake. Mai bin sha'awa a duniya zuciyarsa na kaɗa shi nan da can ba hutu, to a can guguwa ce ke yawo da su a duhu har abada. Marowaci da almubazzari, waɗanda ka ɗauka kishiyoyi ne, wuri ɗaya ya sa su suna tura manyan duwatsu da ƙirji su yi karo su zagi juna su juya, ɗaya na cewa me yasa kake riƙewa ɗaya na cewa me yasa kake watsarwa, kuma Dante ya ce bai iya gane fuskar ko ɗaya ba dan kuɗi ya shafe musu kamanni. Masu zubar da jini a kogin tafasasshen jini suke, zurfin kowa daidai jinin da ya zubar. 'Yan bambaɗanci da fadanci a cikin kashi suke tsamo-tsamo, abin da ke fita bakinsu a duniya kenan. Bokaye da 'yan duba da suka so leƙa gaba an murɗe musu kai fuska ta koma baya, suna tafiya da baya hawaye na zuba a gadon bayansu. Masu cin hanci a ofis, da suka saba harka a ɓoye kuma komai ya taɓa hannunsu ya manne, a tafasasshiyar kwalta suke nitse, wanda ya leƙo aljanu su caka masa ƙugiya. Munafukai kuwa alkyabba aka sa musu, waje zinariya tana walƙiya ciki dalma, nauyi ya hana su ko ɗaga ƙafa da kyau. Wannan ta munafukan wallahi duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce ta waɗanda suka kashe kansu. Sun yar da jikinsu, to sai aka hana su jiki, suka zama busassun itatuwa, ba sa iya magana sai an karya musu reshe, jini da murya su fito tare. A cikinsu akwai Pier della Vigna, babban na hannun daman sarki Frederick na 2, wanda hassadar fada ta sa aka zarge shi aka makantar da shi.

To me yasa mazinata ke can sama amma mayaudara ke ƙasa? Ba zina ta fi girma ba?

Tambayar da aka fi yi min kenan. A babi na 11 Virgil ya tsaya ya yi bayani, kuma daga littafin ɗabi'a na Aristotle ya ɗauko rabon. Akwai laifin rashin kamun kai, wato sha'awa da ci da fushi, inda mutum ya kasa riƙe linzamin abin da dama yana cikin halittarsa. Akwai laifin ƙarfi. Sai kuma yaudara, wadda ya ce ita ce laifin da ɗan Adam kaɗai ke iya yi, domin da hankali ake yinta, kyautar da ta raba mu da dabba. Kura na iya kashewa amma ba ta iya rantse maka da ƙarya. Shi yasa a wajensa wanda ya zauna ya shirya zai cuce ka yana maka murmushi ya fi wanda zuciya ta ɗebe shi muni.

Kuma duba yawan wurin da ya ba abin: hawa na 2 zuwa na 5 kusan babi ɗai-ɗai suka samu, amma hawa na 8 shi kaɗai ya ci babi 13, daga na 18 zuwa na 30, an raba shi gwalalo goma, kawalai, 'yan fadanci, masu sayar da muƙamin addini, bokaye, masu cin hanci, munafukai, ɓarayi, masu mugun shawara, masu raba kan jama'a, da masu jabu. Akwai wani Adamo da ya buga jabun kuɗin zinariyar Fulorens ya gauraya ta da ƙarfe, yana kwance ciki ya kumbura da ruwa amma ƙishirwa na kashe shi, yana mafarkin ƙoramun yankin Casentino inda ya aikata laifin.

Wannan tsarin nasa ne fa, ba hukuncin shari'armu bane, kada wani ya ɗauka ana cewa zina ƙaramin abu ce. Amma wanda ya karanta aya ta 145 a suratun Nisa'i, inda aka ce munafukai na can a matakin ƙarshe na wuta, ba zai ji tunanin ya yi masa nisa ba.

Da gaske ne ƙasan wutar ƙanƙara ce?

Da gaske. Hawa na 9 tafki ne daskararre, Cocytus, kuma kashi huɗu ne: waɗanda suka ci amanar 'yan uwa, wurin ma sunan Ƙabila ɗan Annabi Adamu ya ci, sai maciya amanar ƙasa ko ɓangare, sai maciya amanar baƙo, sai maciya amanar ubangida da wanda ya yi musu alheri. Wasu ƙanƙara ta kai musu wuya, na ƙarshen kuwa sun nutse gaba ɗaya kamar tsinke a cikin gilashi. A tsakiya Shaiɗan ne a kafe zuwa ƙirji, fuska uku fiffike shida, yana kaɗa fiffiken yana son tashi kuma iskar da yake kaɗawar ce ke ƙara daskarar da tafkin da ya riƙe shi. A bakunansa uku yana tauna Yahuza wanda Kiristoci suka ce shi ya sayar da Annabi Isa, da Brutus da Cassius da suka kashe Julius Kaisar.

Dalilin sanyin a bayyane yake. Fushi zafi ne, sha'awa zafi ce, amma kafin mutum ya ci amanar wanda ya ci tuwo da shi a kwano ɗaya sai duk ɗumin zuciyarsa ya mutu tukun. Mu ma mun san zamharir, hadisi ya zo cewa wuta ta kai ƙara aka ba ta numfashi biyu, ɗaya lokacin zafi ɗaya lokacin sanyi.

Waye Ugolino da ake yawan ambata?

Wani basarake ne na birnin Pisa. Dante ya same shi a ƙanƙara yana gwaguyar ƙeyar wani mutum, babban limamin cocin Pisa mai suna Ruggieri. Su biyun sun ƙulla yarjejeniyar siyasa, sai Ruggieri ya juya masa baya ya sa aka kulle shi a wata hasumiya da 'ya'yansa biyu da jikoki biyu, a 1289 aka toshe ƙofar aka bar su da yunwa. Ugolino ya ɗago baki ya goge da gashin kan da yake ci, ya ba da labarin yadda ya ji ana buga ƙusa a ƙofa lokacin da aka saba kawo abinci, ya kalli yaran bai ce komai ba, ya ciji hannunsa dan baƙin ciki yaran suka zaci yunwa ce suka ce baba ka ci mu, sannan suka mutu ɗaya bayan ɗaya tsakanin kwana na huɗu da na shida. Ya ƙare da cewa daga baya yunwa ta fi baƙin ciki ƙarfi, kuma har yau masana na gardama ko yana nufin yunwa ta kashe shi ne ko wani abu da ya fi haka muni.

Abin lura shine shi ma Ugolinon maci amana ne, shi yasa yake wurin. Tausayin yaran bai wanke shi ba, laifinsa kuma bai wanke Ruggieri ba.

Ba dai ramuwa kawai ya yi ba, ya zuba maƙiyansa a wuta?

Akwai ramuwa, ba a ɓoyewa. Boniface bai mutu ba sai 1303, labarin kuma a 1300 yake, to sai Dante ya yi dabara: a gwalalon masu sayar da muƙamin addini, inda aka dasa mutane kai ƙasa a ramuka tafin ƙafarsu na ci da wuta, Fafaroma Nicholas na 3 ya ji motsi ya ɗauka Boniface ne ya iso tun lokaci bai yi ba. Wato an riga an tanadar masa rami. Haka wani Filippo Argenti ɗan garinsu da ake yayyagawa a taɓo, Dante murna ya yi.

Amma in ramuwa ce kaɗai da bai sa Brunetto Latini ba, mutumin da ya ɗauka kamar uba kuma malami, wanda ya gani a ƙarƙashin ruwan wuta ya sunkuyar da kai yana masa magana da ladabi. Da bai sa ɗan uwansa na jini Geri del Bello ba. Kuma da bai suma ba bayan ya ji labarin Francesca, matar da mijinta ya kashe ta tare da ƙaninsa Paolo, wadda ta yi magana da daɗin baki har ka manta a ina take, tana ta ɗora laifin kan so da kan littafin da suke karantawa, ko sau ɗaya ba ta ce ni na yi ba. Kusan duk 'yan wutar haka suke, kowa na da uzuri.

Duk da haka ni a nan nake rabuwa da shi. Siffanta laifi da azabarsa abu ne, kama sunan wane ka ce yana wuta abu ne daban, wannan ba na ɗan Adam bane. Waƙoƙin wa'azinmu, irin Infiraji ta Aliyu Namangi, suna tsoratarwa da mutuwa da kabari da hisabi har gashin jikinka ya tashi, amma hali suke kamawa.

An ce ya ci mutuncin Manzon Allah (SAW). Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma bazan yi kwana-kwana ba. A babi na 28 ya ambaci Annabi (SAW) da Sayyidina Ali cikin masu raba kan jama'a, da siffar da bazan maimaita ba. Ƙarya ce da jahilci. A Turai ta lokacin tatsuniya ta yaɗu cewa Musulunci wai ɓallewa ce daga Kiristanci, zamanin kuma na yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya ne, birnin Akka ya koma hannun Musulmi a 1291 Dante na saurayi. Wannan ya bayyana daga ina abin ya fito, bai zama uzuri ba. Hasan Usman, Bamisiren da ya fassara waƙar zuwa Larabci, cire waɗannan ɗangwayen ya yi daga fassararsa.

A ɗaya ɓangaren kuma ya sa Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin Ayyubi a Limbo tare da su Aristotle da Plato, wurin da ya keɓe wa mutanen kirki da manyan masana da ba Kiristoci ba. Ya ci moriyar ilimin Musulmi ya kuma zagi wanda ya kawo musu hasken. Wanda ya ce shi saboda wannan ba zai taɓa littafin ba, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ni na karanta ne dan in san abin da ya gina tunanin Turawa kan lahira shekara ɗari bakwai, kuma in na zo wannan babin tsallakewa nake.

Wasu na cewa daga labarin Isra'i da Mi'iraji ya kwafa?

A 1919 wani malamin coci ɗan Sifen masanin Larabci, Miguel Asín Palacios, ya fitar da littafi yana jero kamanni tsakanin Commedia da ruwayoyin Mi'iraji da rubuce-rubucen Ibn Arabi da Risalatul Gufran ta Abul Ala al-Ma'arri. Italiyawa suka yi ca, suka ce ta ina Dante da bai jin Larabci zai samu. Sai a 1949 aka buga wani tsohon littafin Mi'iraji da aka fassara a fadar sarki Alfonso na 10 na Kastila a Sifen, aka mai da shi Latin da Faransanci wajen 1264, kuma wanda ya yi aikin ɗan Italiya ne, Bonaventura na Siena. Shi kuma Brunetto malamin Dante ya je wannan fada a matsayin jakada a 1260. Hanya dai ta samu. Ko ya bi ta, nan masana suka rabu.

Kamannin kam akwai: jagora, hawa-hawa, tambayar su waye waɗannan a ba da amsa. Ka tuna hadisin Samura bin Jundub a Bukhari, maƙaryacin da ake tsaga masa baki da ƙugiya, da mai cin riba da ke iyo a kogin jini ana jefa masa dutse a baki. Amma kuma yana da nasa tushen a fili, babi na shida na waƙar Aeneid ta Virgil da labaran wahayi na Kiristoci da suka daɗe suna yawo.

Babu tuba ne a waƙar?

Akwai, ita ce ma ta raba Inferno da Purgatorio. Laifukan kusan iri ɗaya ne, bambancin wanda ya tuba kafin rai ya fita da wanda bai tuba ba. A dutsen tsarkakewa, wanda aƙidar Katolika ce, azabar magani ce mai ƙarewa: masu girman kai na ɗauke da duwatsu sun duƙa, mahassada an ɗinke musu ido da waya suna jingine da juna kamar makafi masu bara, malalata na gudu.

Misalin da ya fi fito da abin na uba da ɗa ne. Guido da Montefeltro mayaƙi ne mai wayo da ya tsufa ya shiga zuhudu, sai Boniface ya nemi ya ba shi shawarar yaudara ya ce na yafe maka tun kafin ka yi. Da ya mutu shaiɗani ya zo ya ce ba a tuba daga abu ana kuma niyyar aikata shi lokaci ɗaya, ya tafi da shi. Ɗansa Buonconte kuwa bai yi rayuwar ibada ba, an soke shi a maƙogwaro a yaƙin Campaldino na 1289, yaƙin da shi Dante ma ya halarta, ya mutu shi kaɗai a bakin kogi yana kuka yana neman rahama, shaiɗani na ta ƙorafi wai ɗan guntun hawaye ɗaya ya ƙwace masa shi.

Wane wuri ne ya fi tsaya maka a rai?

Babi na 33, wajen maciya amanar baƙo. Su fuskarsu sama take kallo, hawayen farko ya daskare a kwarmin ido ya toshe hanya, sauran kukan sai ya koma ciki. Wani ya roƙi Dante ya ɓanɓare masa ƙanƙarar ya ɗan samu ya yi kuka, Dante ya ce faɗa min sunanka, in ban taimake ka ba in gangara har ƙasan ƙanƙarar nan. Ashe Alberigo ne na garin Faenza, wanda a 1285 ya gayyaci 'yan uwansa cin abinci da sunan sulhu, da ya ce a kawo 'ya'yan itace sai makasa suka fito. Dante ya ce kai ai ba ka mutu ba. Ya ce eh, wanda ya yi irin wannan cin amanar ransa nan take yake faɗowa nan, wani aljani ya shiga jikin ya ci gaba da yawo da shi a duniya har kwanansa su cika. Ya nuna masa wani Branca Doria na Genoa da ya kashe surukinsa a wajen liyafa, Dante ya ce haba, Branca Doria na nan da ransa, yana ci yana sha yana barci yana sa riga.

Sannan Alberigo ya ce to miƙo hannu ka buɗe min idon. Dante bai buɗe ba, ya ce rashin mutunci ga irin wannan shine mutunci, dama can ƙasan ƙanƙarar zai je ko ya taimaka ko bai taimaka ba, da wayo ya yi rantsuwar. Na karanta wurin nan ya fi sau goma kuma har yanzu yana damuna, mutumin da ya sa yaudara a ƙasan komai ga shi ya yaudari makaho mai roƙonsa, ya wuce ya bar shi da hawayen a daskare.